Kabon ko Alminiyam: Yadda Za Ka Zaɓi Bindigar Kifi Ba Tare da Ka Taɓa Yin Kuskure Ba

Wannan jagora ta wanda ya tsaya tsakanin bindigar kifi ta kabon da ta alminiyam ce, ya rasa wadda zai ɗauka. Idan ka bi matakan nan bi da bi, an ba ka tabbacin abu biyu: za ka yi zaɓi, kuma har ka koma ga Ubangijinka ba wanda zai ji ka ce ka yi kuskure. Kifi kuwa ba ya cikin alkawarin.

An gwada tsarin a kan mutum ɗaya, Eladio ɗan Doña Fefa, mai shekara ashirin da shida, ɗan nutso a jirgin Don Bienve a nan Boca de Yagua. Yana nan da ransa, abin da ke nuna tsarin yana aiki.

Mataki na 1: Fara raina wadda ke hannunka

Ba a sauya bindiga sai tsohuwar ta yi laifi. Idan ba ta yi ba, nemo mata.

Ta Eladio ta alminiyam ce, shekara shida yana nutso da ita. Fentinta ya koɗe, gishiri ya yi mata fari a bakin kowace ƙusa, ta kuma lotsa a wuri biyu: ɗaya ranar da abokin nutsonsa Genaro ya zauna a kanta, ɗaya ranar da shi Eladio ya ɓanɓaro anka da ita daga cikin dutse. Duk da haka in ka saita ta a kan kifi, mashin kan kifin yake zuwa. Babban aibinta ke nan. Ta ƙi ba shi dalili.

Dalilin a waya ya same shi. Ya yi sati uku yana kallon wasu mutane a cikin wani ruwa garau, riƙe da baƙaƙen bindigogi, kifi na zuwa gabansu kamar an aiko shi. A nan ya koyi darasin da kai ma dole ka haddace. Kabon ba ta da nauyi, ba ta lanƙwasa komai yawan robar da ka ɗana mata, gishiri ba ya cin ta, kuma ba ta ƙara. Alminiyam tana da arha, tana shan duka ta lotsa ba ta fashe ba, amma tana gajiyar da hannu, kuma in ta taɓa dutse duk kifin unguwar sai ya ji.

Daga ranar, duk kifin da Eladio ya kuskure sai ya taso ya tsura wa bindigar ido, ya girgiza kai. Kai ma haka za ka yi. Wanda ka kuskure laifin bindiga ne. Wanda ka samu ƙwarewarka ce.

Mataki na 2: Nemi shawarar wanda ba za ka saurara ba

Shawara tana da muhimmanci, domin daga baya za ka buƙaci cewa ka nema.

Eladio ya nemi ta Genaro a bakin shago, ana buga domino. Genaro mutum ne mai 'ya'ya uku, bindigarsa ta girmi 'yarsa ta fari. Bai ɗago kai daga teburin ba. Ya ce ya taɓa ganin ta kabon a hannun wani baƙo, akwatin ƙanƙara ya faɗo mata a jirgi ta tsage kamar rake, baƙon ya zauna ya yi tagumi har aka dawo gaɓa. Sannan ya tambayi Eladio ko a jirginsu akwai wanda ya taɓa ajiye wani abu a hankali.

Eladio ya ce ai shi ya sa wasu mutane za su mutu a inda aka haife su.

"Duk a nan za a binne mu, mutumina," in ji Genaro. "Sa ƙwayarka, ana jiran ka."

Mai jirgi kuwa, kada ka kuskura ka tambaye shi. Don Bienve ya haura saba'in, yanar ido ta rufe masa gani, rana da inuwa kawai yake bambancewa. Me zai sani game da kabon? Ko ka nuna masa ba zai gani ba.

Mataki na 3: Sa wani ya saya maka

Wannan matakin shi ne ginshiƙi. Abin da ka saya da kuɗinka kowa na iya kushe shi. Abin da yayarka ta aiko daga New York ba a kushe shi a gaban jama'a, domin kowane gida a layinku yana sa ran sabulu daga duronta.

Yudelka, yayar Eladio, aikin kula da tsofaffi take yi a can, kuma sau biyu a shekara takan aiko da duro cike da shinkafa da man girki da takalma. Ranar hutunta ta hau jirgin ƙasa biyu zuwa shagon kayan nutso, ta kira shi ta bidiyo, ta riƙa bin bango da wayar. Eladio yana ta cewa baƙar, Yaya, baƙar, wadda ke sama. Da ta juya takardar farashin sai hoton ya tsaya cak. Ya ɗauka layin ne ya yanke. Ita ce ta tsaya.

Ta tambaye shi ko ya san wannan sandar albashinta ne na sati biyu. Ya ce mata wannan sandar ita za ta sa nan gaba ta daina aiko da shinkafa. Ta ce Allah ya nuna mata.

Bindigar ta fi duro tsawo, don haka a dogon kwali ta zo, ita kaɗai. Ranar da aka buɗe kayan a tsakar gidan Doña Fefa, maƙwabta sun zo kallon duro kamar kullum, amma kwalin suka zagaye. Eladio ya zaro ta a hankali. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi, ba ta kai nauyin tsintsiya ba. Ya bar mutum huɗu suka taɓa ta da yatsa ɗaya.

Mataki na 4: Rabu da tsohuwar a gaban shaidu

Kada ka ajiye tsohuwar a ƙarƙashin gado. Mai ajiye tsohuwa yana da shakka ke nan. Kada kuma ka sayar, za a ce kana cikin matsi. Kyauta za ka yi da ita, a inda mutane suka fi yawa, ga wanda ya fi kowa buƙata.

Eladio ya zaɓi Chepe, ƙanin matar Genaro. Chepe daga gaɓa yake shiga ruwa, yana jan tsohon tub na tayar mota da igiya, da wata bindigar katako da ya haɗa da hannunsa. Jirgin Don Bienve 'yan nutso biyu kawai yake ɗauka, kuma Chepe ya shekara biyu yana zuwa bakin ruwa da asuba yana taya su tura jirgi, yana tambayar lafiyar kowa da irin kulawar da ta wuce ta zumunci.

"Riƙe, Chepe," in ji Eladio, da murya yadda na cikin shago ma za su ji. "Ka je ka koyi sana'a."

Chepe ya karɓa da hannu biyu. Bai yi ko irin ƙin karɓar da ake yi don kunya ba. Idan wanda ka yi wa kyauta ya karɓa da sauri haka, kada ka yi tunani a kai. Kai dai ka yi alheri.

Mataki na 5: Ɗauki kowace magana a matsayin yabo

A jirgi ka naɗe ta da tawul, ka ɗora a cinya. Idan Genaro ya matso da akwatin ƙanƙara, ka juya masa baya.

A jirgin Don Bienve ga yadda ake aiki. Da an isa wurin kifi 'yan nutso su faɗa ruwa, tsoho ya kashe inji, ya tsoma filafili a ruwa, ya ɗora ƙotarsa a ƙashin bayan kunnensa. Da ita yake ganin mutanensa. Ɗan nutso yakan buga bayan wuƙarsa a jikin bindiga: sau ɗaya, ina nan; sau biyu, na samu, kawo jirgi; sau uku zuwa sama, bar duk abin da kake yi. Ƙarar ƙarfe tana tafiya a ruwa nesa fiye da inda murya ke kaiwa a sama. Don Bienve ya san bindigar kowa da muryarta. Ta Genaro, in ji shi, kamar fasasshiyar tukunya take. Ta Eladio ta dā kamar ƙararrawar coci ce da mura ta kama.

Ba wanda ya taɓa zama ya koya wa wani wannan, kamar yadda ba a koya wa mutum tari. Shi ya sa a sati ukun da Eladio ya yi yana nazari bai tuna da shi ba. Mutanen cikin waya kuwa masu jirginsu suna da ido.

Ranar farko bindigar ta yi abin da aka ce za ta yi. Tana juyawa a ruwa kamar yatsa, mashin ya tafi sak, hannu bai gaji ba. Ya fito da manyan kifaye uku kafin Genaro ya fito da ɗaya. Dole a faɗi gaskiya, bindigar tana da kyau. Da ba ta da kyau da maganar ta ƙare a nan.

Ya kuma buga mata wuƙa kamar yadda ya saba, a hankali dai, don kada ya ƙarce ta. Ya ji wani ɗan tuf a kusa da kunnensa, ya ɗauka ya isar. Kwana biyun farko ruwa a kwance yake, kuma yana kusa da Genaro, fasasshiyar tukunya tana yi musu magana su biyu.

A hanyar dawowa rana ta biyu Don Bienve ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashin Eladio, ya ce, "Ɗana, kwana biyun nan ka yi shiru a ruwa."

Eladio ya ce na gode, Baba.

Genaro ya buɗe baki, ya dubi tawul ɗin, ya dubi kifayen da ke cikin akwati, ya rufe.

Mataki na 6: Gwada ta ranar da ruwa ke ja

Ba a sanin bindiga a ruwa mai kwanciya. Jira ranar Laraba irin wadda iska ke tashi tun ƙarfe goma, ruwa ya yi duhu, yana ja zuwa yamma. Sannan ka yi nisa da abokinka, domin mai kabon ba ya cunkoso da mai alminiyam a kan dutse ɗaya.

Genaro ya koma jirgi miƙa kifi. Eladio ya bi wani gefen dutse shi kaɗai, ya hangi kifin da ake kira mero a ƙasa, ƙato, kansa ya kai girman bokiti. Ya sauka, ya saita, ya ja kunama. Mashin ya shiga inda ya kamata. Kifin ya yi abin da mero ke yi, ya kutsa rami ya buɗe ƙayoyinsa ya maƙale.

Eladio ya taso, ya riƙe igiya, ya buga sau biyu. Ya jira ƙarar inji. Ya sake bugawa. Ya sauka ya ja kifin, ya taso, ya sake sauka. A sauka ta huɗu igiyar ta gogi bakin dutse ta tsinke, kifi ya tafi da mashi, shi kuma abin da ke riƙe da shi a wuri ɗaya ya tafi.

Da ya ɗago kai jirgin ya koma kamar takalmi. Sai igiyar ruwa ta ɗaga shi yake ganinsa, in ta sauke shi ba komai sai ruwa ta kowane gefe. Ya buga sau uku. Wannan karon bai damu da ƙarcewa ba. Ya buga sau goma, sau ashirin, da iyakar ƙarfinsa, ƙarar tana fita kamar mai ƙwanƙwasa katifa. Ya buga wuƙar a dalmar da ke ɗamararsa, ya gano dalma ma ba ta magana. Ya kwance ɗamarar ya sake ta. Ya yi ihu, iska ta mayar masa da ihun cikin baki tare da gishiri.

Ya hango Genaro tsaye a goshin jirgi yana dube-dube, hannu a kan ido. Ya ɗaga bindigar sama yana kaɗawa. Siririya ce, baƙa, a kan baƙin ruwa, a hannun mutum mai baƙar rigar nutso. An ƙera ta ne don kada a gan ta, kuma ba a gan ta ba. Ya ji injin ya tashi, ya ga jirgin ya juya, ya nufi gabas, inda suka gan shi a ƙarshe.

A nan za ka ga amfanin kabon na gaskiya. Awa uku Eladio ya yi ruwa na tafiya da shi, ƙafafunsa suka ɗaure sau biyu, leɓensa ya tsage, ya karanta duk addu'ar da ya iya har da wadda rabinta kawai ya sani, ya yi tunanin wanda zai je ya gaya wa uwarsa da irin fuskar da zai shiga da ita. Amma hannun da ke riƙe da bindigar bai gaji ba ko kaɗan. An rubuta wannan a jikin kwalin, kuma gaskiya ne.

Mataki na 7: Idan an tsamo ka, ka ce dama kana hanya

Wani jirgi daga ƙauyen gaba, mai ɗauke da tarkunan kifi, shi ya kusa taka shi. Mutanen suka jawo shi ciki, suka ba shi ruwa, sannan babbansu ya ce ko zai iya ganin bindigar. Ya juya ta, ya yaba, ya tambayi ina mashin.

Ƙarfe biyu suka sauke shi a Boca de Yagua, yana zaune a kan tarkuna. Rabin garin yana bakin ruwa. Doña Fefa ta riga ta cire takalmanta ta zauna a yashi, mata biyu na riƙe da ita. Da ta gan shi ta tashi, ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta tabbatar shi ne, sannan ta ɗauki takalmi ɗaya.

A irin wannan lokaci ka yi murmushi. Ka ce ka bi wani sabon dutse ne ta yamma, akwai kifi sosai a can. Eladio ya faɗi haka, muryarsa na fita kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Don Bienve yana zaune a bakin jirginsa. Sun yi ta zagaye har mai ya kusa ƙarewa, Genaro ya ce ko a hanyar dawowa tsohon bai cire filafilin daga kunnensa ba. Bai tashi ba. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi bindigar. Ya shafa ta daga baki har gindi, ya zaro wuƙarsa, ya buga mata sau ɗaya, ya kai ta kunne kamar mai duba kankana. Ya sake bugawa.

"Tun yaushe?"

"Tun Litinin, Baba. Ta kabon ce. Ba ta ƙara, shi ne amfa..."

"Awa uku ina sauraron ruwa," in ji Don Bienve. "Na taɓa yin irin wannan sauraron sau ɗaya, shekara goma sha tara ke nan. Wancan ba wanda ya kawo mini shi a kan tarkon kifi."

Duk wanda ke wurin ya san sunan ɗan nasa da ruwa ya ci, kuma ba a faɗinsa a bakin ruwa.

Tsohon ya miƙa masa bindigar. Ya ce jirginsa ba ya ɗaukar bebe. Ranar Litinin Eladio ya zo da abin da kunne zai ji, ko kuma ya yi zamansa a gida. Ya ƙara da cewa ya ji an ce Chepe ya samu bindiga.

Jirage huɗu ne a garin nan, kuma duk a cike suke. Wanda ya sauka daga ɗaya, abin da ya rage masa shi ne acaba a mahaɗar Montecristi, yana shaƙar ƙura yana kiran fasinja. Eladio tun yana shekara goma sha huɗu yake cikin ruwa. Ko babur bai iya ba.

Mataki na 8: Nemi tsohuwar ba tare da ka nema ba

Kada ka ce a mayar maka. Ka je gaisuwa.

Eladio ya samu Chepe a bayan gida yana goge bindigar da tsumma da man inji. Ta yi wani haske da ba ta taɓa yi a hannun mai ita na farko ba. Eladio ya ce wucewa yake ya ce bari ya duba ko tana ba shi matsala. Chepe ya ce ko kaɗan. Eladio ya ce wannan lotsawar ta gaba tana damunsa, bai kamata ya ba ɗan'uwa abu mai haɗari ba, hankalinsa ya kasa kwanciya. Chepe ya ce ya kwantar da shi. Eladio ya dubi kaji, sannan ya ce shi mutum ne mai son ci gaban matasa, don haka ya yanke shawarar ba Chepe aron ta kabon na wata guda, shi ya lallaɓa da tsohuwar.

"Haba, maigida," in ji Chepe, yana ci gaba da gugarsa. "Ina ni ina kabon? Ni da nake koyon sana'a."

Akwai hanya mai sauƙi, wato ka hau mota zuwa Montecristi ka sayo sabuwa ta alminiyam, ka jingine kabon a bango. Jagorar nan ta haramta wannan. Da farko, wanda ya gan ka da ita ya ji ka ce ka yi kuskure ko ba ka buɗe baki ba. Na biyu, duk Lahadi Yudelka tana kira ta bidiyo ta ce a nuna mata sandarta da kifin da ta kamo. Na uku, Doña Fefa ta sanar a gaban tukunyar shinkafa cewa 'yarta ta yi sati biyu tana juya tsofaffin wasu a kan gado saboda wannan abu, don haka ko za a binne shi da ita ne, da ita zai shiga ruwa.

Mataki na 9: Zaɓi

Yanzu ka iso inda jagorar ta nufa. Kabon ko alminiyam? Ka cika duro da ruwa a bayan gida, ka kira Genaro.

Haka suka yi ranar Asabar. Genaro ya tsoma sandar tsintsiya a duron, ya ɗora ƙarshenta a bayan kunne, ya rufe ido. Eladio ya riƙa ɗaura abubuwa a jikin bindigar da igiyar roba, yana tsomawa yana bugawa. Cokali: Genaro ya ce kamar sauro. Kwaɗon ƙofa: ya ce ya ji, amma bai ji a ransa ba. Makullin babur, murfin kwalba, guntun bututun famfo, duk ya girgiza kai. Ya ce ana buƙatar abu mai ciki, wanda ƙara za ta zauna a ciki ta yi ƙiba kafin ta fito. Suka zauna a kan bulo suna tunani. Daga cikin gida ƙamshin kofi ya taso.

Suka dubi juna. Genaro ya ce shi ba ya nan, bai ji ba, kuma 'ya'yansa uku.

Greka ɗin Doña Fefa, tukunyar kofinta, ta alminiyam ce, mai kofi goma sha biyu, ta fi Eladio shekaru a gidan. Ranar Lahadi da safe ta tafi coci. Ka lura da wannan: ba sata ba ce idan abin bai bar hannun iyali ba.

Litinin da asuba su biyu suka zo bakin ruwa, Chepe da tsohuwar bindiga tana ƙyalli, Eladio da tasa a naɗe cikin tawul, tawul ɗin ya yi wani ƙullutu a tsakiya. Don Bienve bai tambayi kowa komai ba. Ya sa Genaro ya fitar da jirgi bayan duwatsu, ya kashe inji. Ya ce Chepe da Eladio su faɗa ruwa su biyu, su yi ta iyo zuwa yamma, duk tsawon jirgi ashirin su tsaya su buga. Wanda ya fara ɓacewa daga kunnensa ya wuce gida.

Chepe ya fara bugawa. Ƙarar ta zo ta cikin filafilin tas, muryar da tsohon ya shekara shida yana bi a ruwa. Genaro ya ce ya ga bakin tsohon ya motsa kaɗan, kamar wanda ya ji an kira sunan wani nasa a kasuwa.

Sai Eladio ya buga. Don Bienve ya janye filafilin daga kunne, ya sa ɗan yatsa ya sosa ciki, ya mayar.

Suka yi ta nisa. A tsayawa ta biyar ƙarar Chepe ta sirance. A ta bakwai tsohon ya karkata kai, ya jira, bai ji ta ba. Ɗayar kuwa tana nan, gwaram, gwaram, kamar ana rabon abinci a gidan yari. A ta goma Eladio ya zama ɗigo, Genaro ma da ƙyar yake hango shi, tsuntsayen da ke kan duwatsu suka tashi gaba ɗaya. Don Bienve ya ce a je a ɗauko su kafin ya kori kifin ƙasar Haiti.

Da suka hau, ya miƙa hannu. Eladio ya ba shi. Yatsun tsohon suka bi santsin kabon har suka ci karo da roba, suka hau kan wani abu mai kusurwa takwas, suka zagaye shi, suka leƙa ciki.

"Wannan fa?"

"Haka suke yin su yanzu a New York, Baba."

Don Bienve ya kai abin hanci. Ya daɗe yana shaƙa.

"To ka ce wa mutanen New York su riƙa wankewa kafin su aiko," in ji shi. "Zauna a wurinka. Chepe, za mu sauke ka a gaɓa. Ka riƙe bindigar nan da kyau, ta kirki ce."

Eladio ya zauna a wurinsa. Bindigarsa yanzu ta fi tsohuwar nauyi, tana karkata hagu, kuma in ya sauka ruwa yana shiga tukunyar da wani guɗ-guɗ da ke ba kifi isasshen lokacin yin shawara. Duk wanda ya tambaye shi yakan ce kabon ba ta da na biyu, sai dai tana son wanda ya iya ta. Doña Fefa da tsumma take tace kofinta yanzu, kofi ɗaya take dafawa, kuma a gabansa take sha.

Sanarwa

Wanda ya tsara waɗannan matakai ba masanin kabon ba ne, ba masanin alminiyam ba ne, kuma ba ya gida idan uwar wani ta zo neman tukunyarta. Ba shi da hannu a mashin da ya ɓata, ko yayar da ta daina ɗaga waya, ko gurbin jirgin da ya koma hannun ƙanin matar wani. Idan ka bi jagorar nan ruwa ya tafi da kai, ka buga sau uku. Idan ba a ji ba, ka sake karantawa daga farko, ba inda aka ce ka sayi kabon.